Batura Huɗu Na Ranar Sauka

Kyamarar ta mutu a hannun Basma daidai lokacin da mace ta goma ta ɗaga allonta za ta fara karatu.

Gilashin bayan kyamarar ya yi baƙi, idonta ya koma ciki a hankali. Basma ba ta firgita ba, domin abu ne da ta saba gani, kuma ta san maganinsa. Ta ja da baya zuwa gindin darbejiyar da ke farfajiyar Islamiyyar matan aure ta Gwaram, ta durƙusa, ta ciro ɗan akwatin katakon da take ajiye baturan ko-ta-kwana. Ta yi bisimilla ta ɗaga murfin.



Baturan da ta sani huɗu ne, kowanne da ɗigon shuɗin fenti, jiya da la'asar aka cika su da caji. Waɗanda ke tsaye cikin ramukan akwatin yanzu kuwa baturan rediyo ne na kasuwa. Takardar jikinsu ta koɗe, ɗaya ma akwai shatin haƙori a ƙugunsa.

Ta san baturan. Ta san mai haƙorin.

"Subhanallahi... Baba," ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

Mata ashirin da uku ne ke sauka a wannan rana, kuma an yi wa kowace alkawarin hoto ɗaya riƙe da allonta. Tara kaɗai aka ɗauka. Ta goma sha biyu a jerin ita ce Hajiya Batulu, mahaifiyar Nu'uman, wadda shekara guda ke nan tana cewa ba za ta karɓi Basma a matsayin matar ɗanta ba.

Ya kamata a san yadda aka zo nan.

Basma 'yar Malam Gwadabe ce, wani dattijo mai koyar da karatu a zaurensa a Birnin Kudu. Bayan ta gama sakandare, yayanta da ke aiki a Dutse ya aiko mata da kyamara irin wadda ba ta buƙatar fim. A shekarun nan irinta ba ta yawaita ba a kudancin Jigawa. Malam ya yi kwanaki yana nazari kafin ya yarda ta mai da abin sana'a, kuma ya gindaya sharaɗi: mata kaɗai za ta riƙa ɗauka, a wuraren da bai dace namiji ya shiga ba, sannan duk hoton da ta ɗauka amana ce a wuyanta har ta miƙa shi ga mai shi. Basma ta riƙe wannan da hannu biyu. Ba a jima ba gidajen suna da na biki suka santa.

Abin da ya so ya karya mata gwiwa batir ne. Na kasuwa ba sa yi wa kyamarar hoto biyar sai ta tofar da su. Wutar lantarki kuwa tana zuwa ne ranar da ta ga dama. Wannan ya kai ta shagon Nu'uman da ke kusa da tasha, wani saurayi ɗan Gwaram mai sanyin magana, wanda ke yi wa mutane cajin waya da ɗan injinsa. Ya saurari kukanta har ƙarshe idonsa na ƙasa, sannan ya tsara mata aiki. Ya samo mata batura masu caji guda takwas, ya raba su gida biyu, ya ɗiga wa huɗu jan fenti, huɗu shuɗi, ya ce kada ta taɓa gauraya su, domin mai rauni yakan ja mai ƙarfi ƙasa. Ya sa kafinta ya yi mata akwati mai ramuka. Wanda ke cike a tsayar da shi kansa sama, wanda ya ƙare a kifa shi. Ya gaya mata irin waɗannan batura ƙarfinsu na zurarewa ko ba a taɓa su ba, don haka jajiberin aiki ake cajinsu, kuma zafin rana maƙiyinsu ne. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada ta fita daga gida sai ta buɗe akwatin ta gwada abin da ke ciki da hannunta.

Daga kai batir da karɓo batir Allah Ya haɗa zukatansu, kuma Nu'uman bai tsaya wasa ba, ya nemi izini wajen Malam. Ranar da ya fara zuwa zance, bayan la'asar, ƙawayen Basma sun zaci turare zai kawo ko sarƙa. Da ta kwance ledar da ya kawo sai ga batura huɗu a like cikin kwalinsu. Har yau akwai waɗanda ke tsokanarta da wannan toshi.

"Waɗannan ba a cajinsu," in ji shi a ranar. "Amma sai su yi shekaru a ajiye ba su rage ba. Ki adana su don ranar da komai ya ƙi, sanyin idona. Ina so ko ba na kusa, ya zama ina kusa."

Basma ta naɗe kwalin cikin farin hankici ta sa a ƙasan jakarta. A ranta ta ƙudurta ba za ta taɓa yage shi ba.

Hajiya Batulu kuwa ba ta ga abin so a lamarin ba. Ta ce yarinyar da ke shiga gida-gida da na'ura a wuya idonta ya buɗe da yawa, kuma irin wannan ba ta sanin nauyin manya. Ga Hapsatu, 'yar ƙaninta da ta tashi a hannunta, me zai kai shi nesa? Nu'uman bai yi musu da mahaifiyarsa ba, bai kuma janye ba. Ya gaya wa Basma gaskiya cewa ba zai ɗaura aure ba tare da albarkar uwa ba, shi ma Malam Gwadabe ya ce ba zai ba da 'yarsa gidan da ba a yi maraba da ita ba. Haka aka zauna shekara guda, kowa na addu'a a gefensa.

Ita Hajiyar ta shiga Islamiyya ne bayan rasuwar mijinta, furfura ta riga ta cika mata kai, ta fara tun daga baƙaƙe. Shekara bakwai tana zuwa, har Allah Ya nufe ta da sauke Littafinsa. Da shugabar makarantar, Malama A'i, ta ce ba ta son mai hoto namiji a cikin matan aure, Nu'uman ya ambaci sunan Basma cikin ladabi. Hajiya ta ce yarinyar ta zo, amma aiki za ta zo yi, ba gaisuwar surukai ba.

Safiyar ranar, Basma ta sauya mayafi sau uku. Ta tsaya gaban madubi tana bitar yadda za ta durƙusa da abin da za ta faɗa. Ta ɗauki akwatin ta ji nauyinsa yadda ta saba ji, ta jefa a jaka, ta yi sauri ta kama motar farko.

Ba ta buɗe shi ba.

Da ta isa, Hapsatu ce ta tarye ta da fara'ar da ta wuce ƙima. Ta ja ta ɗaki mai duhu inda 'yan mata ke kwalliya, aka shiga ɗaukar hoto da fitilar walƙiya, wannan ta tsaya, waccan ta zauna, kowane hoto sai an kunna gilashi an zagaya da shi an yi dariya. Hapsatu ta sha jin Nu'uman yana bayanin cewa fitila da gilashi su ne ke cinye batir. Allah ne kaɗai Masanin abin da ke cikin zukata, ba za a yanke mata hukunci ba. Basma dai ta biye musu don kada a ce tana da girman kai a gidan surukai, tana taƙama da shuɗayen da ke cikin akwati.

Ga ta yanzu a gindin darbejiya, mace ta goma ta kai tsakiyar karatunta.

Ta zuba baturan Baba a kyamarar ko Allah zai sa a dace. Idon ya leƙo rabi, ya yi ɗan ƙara, ya tsaya. Ta san na shagunan Gwaram ma haka za su yi. Ta tura wa Nu'uman, wanda ke waje cikin maza, gajeren saƙo ta waya. Amsarsa ta zo nan take: ya hau babur zuwa Birnin Kudu, ta yi haƙuri, ta tuna da hankici.

Ta riga ta tuna. Hannunta yana kansa.

Ta warware farin ƙyallen, ta dubi kwalin da ta yi shekara tana shafawa ba ta buɗe ba. Hawaye ya taru mata. Ta ce, "Ya Allah, Ka sa su isa," ta yage shi.

Daga nan ta koma aiki irin na mai tsimi. Ta kashe gilashin baya, ta koma leƙawa ta 'yar tagar da ke saman kyamarar. Ta kashe fitila. Ta raɗa wa Malama A'i cewa a matsa da tabarmar masu karatu bakin inuwa inda haske ya wadata, aka matsa. Kowace mace ta tashi, sai Basma ta bari ta kai ayar ƙarshe, ta kunna, ta ɗauka sau ɗaya, ta kashe. Haka ta samu ta goma kafin ta zauna, ta samu ta sha ɗaya.

Sai aka kira Hajiya Batulu.

Tsohuwar ta miƙe cikin farin hijabi, ta karɓi allon zayyana. Muryarta ta fara a raunane, sannan ta daidaita, tana bai wa kowane harafi haƙƙinsa kamar mai tsoron kada ya zube. Da ta kai ƙarshe hawaye ya sauko mata, ta ɗaga ido sama. A nan Basma ta danna. Ta ji a jikinta cewa ba ta taɓa ɗaukar hoto irin wannan ba.

Aka yi kabbara, aka kira azahar, aka dakata don salla. Basma ta kunna gilashin na ƙiftawar ido don ta ga alamar batir. Ta riga ta sauka ƙasa da rabi, kuma irin waɗannan in sun fara sauka ba sa jira. Saura mata goma sha ɗaya.

Ana sallamewa Hapsatu ta zo ta ce Hajiya na kira. A barandar aji ta same ta, dangi sun kewaye ta, yawancinsu daga Kano suka zo, motarsu na waje direba na ta danna oda. Hajiya ta ce a ɗauke ta da yayyenta, sannan da 'ya'yan ɗakinsu, sannan da jikoki, a yi sauri kafin su kama hanya.

Basma ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni... batir ɗin da ya rage kaɗan ne, ban san hoton da zai zama na ƙarshe ba. Akwai mata goma sha ɗaya da ba su yi karatu ba, kuma an yi musu alkawari. In na gama da su, duk abin da ya saura naki ne."



"Ko guda ɗaya?" in ji wata dattijuwa cikin baƙin.

"Gwaggo, duk ɗayan da na ɗauka a nan, daga hannun wadda ke ƙarshen layi na karɓe shi."

Hapsatu ta yi 'yar dariya ta ce ikon Allah, da safe da ake ɗaukar 'yan mata batir bai san ƙarewa ba, sai da aka zo kan masu gida. Hajiya ba ta dube ta ba. Idonta na kan Basma.

"Ba ɗana ne ke yi miki cajin ba? Ko aikin nasa ne bai yi kyau ba?"

Kalma ɗaya ta isa ta wanke Basma. Tsofaffin baturan suna cikin jakarta, da shatin haƙorin da komai. Ta tuna da furfurar mahaifinta, ta tuna yadda za a kwashi labarin a kai Kano ana dariya.

"Aikinsa ya yi kyau, Hajiya. Ni ce ban duba akwatina ba kafin in fito. Laifina ne."

"To, madalla," in ji Hajiya a sanyaye. "Je ki yi aikinki."

Baƙin suka tafi ba hoto. Basma ta koma bakin tabarma tana jin cewa da hannunta ta rufe ƙofar da ta yi shekara tana roƙon Allah Ya buɗe. Duk da haka ta ci gaba da aiki. Ta ɗauki ta sha uku, ta sha huɗu, har ta ashirin da biyu, alamar tana ta ƙifta ja.

Ta ƙarshe wata gwauruwa ce mai suna Barira, daga Kwandiko take zuwa, wani lokaci a ƙafa in ba ta sami mai rage mata hanya ba. Hijabinta ya sha wanki har ya koɗe. Da ta idar da karatu ta tsaya ƙiƙam ta rasa yadda za ta yi da allon, ta ce wa Basma a hankali, 'yar nan, ita fa ba ta taɓa tsayawa gaban wannan abu ba. Basma ta gyara mata riƙon, ta ce ta dube ta kawai kamar tana duban 'yarta. Barira ta yi murmushi. Basma ta danna.

Kyamarar ta mutu idonta a waje, ko komawa ciki bai samu yi ba. Babu yadda za a san hoton ya zauna ko bai zauna ba.

Bayan la'asar Nu'uman ya iso, taɓon damina har gwiwar wandonsa. A bakin ƙofar makaranta ya miƙa mata batura huɗu masu shuɗin ɗigo. Ya ce a ƙofar shagonsa ya tarar da Malam tsaye da su a hannu, yana ta neman motar Gwaram, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Basma ta zuba su da sauri ta kunna gilashin. Ga Barira nan, da allonta da murmushinta.

"Alhamdu lillahi," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

"Zan gaya wa Hajiya yadda aka yi," in ji Nu'uman.

"Kada ka gaya mata. Mahaifina ne."

"Basma, in ban faɗa ba, ina tsoron in rasa ki."

"Ni ma ina tsoro... amma ba zan shiga gidanku ta kan mutuncin Baba ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Ta nuna masa yagaggen kwalin ta ce ya yafe mata, ta buɗe kyautarsa. Ya yi murmushi ya ce ai don wannan ranar ya saya, kuma tun da yake bai taɓa sayen abin da ya yi masa amfani irinsu ba.

Ta koma ciki ta gaya wa Hajiya batir ya samu, ko za a ɗauke ta yanzu. Hajiya ta ce waɗanda take so a ɗauke su tare sun kai Wudil, ta juya ta ci gaba da lazimi.

Basma ta isa gida gab da magariba ta tarar da Malam a zaure, rediyonsa a kife a gefe. Bai jira ta gama gaisuwa ba ya shiga bayani. Bayan asuba rediyon ya ɗauke ana tsakiyar wa'azi, ya ga akwatinta a kan taga, ya ce bari ya ara na rabin sa'a. Don kada ya bar ramukan fanko sai ya tsayar da nasa a ciki, waɗanda ya shanya kwana biyu a kan katanga, ya ɗan ciji ɗaya yadda ya saba, yana ganin ai sun farfaɗo. Kafin wa'azin ya ƙare aka aiko masa da rasuwar wani maƙwabci, ya fita da rediyon a aljihu, bai tuna ba sai da aka dawo daga maƙabarta.

Basma ta ce ba komai, ta yafe, ita ce ba ta duba ba. Malam ya girgiza kai ya ce haƙƙin ba nata ne ita kaɗai ba, kuma shi bai shirya tsayuwa gaban Ubangiji da batir huɗu a wuyansa ba.

Kwana biyar bayan haka Basma ta gama wanke hotunan, kowanne cikin ambulan da sunan mai shi. Malam ya sa babbar rigarsa ya ce tare za su tafi. A Gwaram ya wuce zauren gidan Hajiya ya zauna jira, ita kuwa ta shiga makaranta inda matan suka taru. Hajiya ta karɓi nata ta duba, ta koma gefe ta zauna. Da aka miƙa wa Barira nata, sai ta goge hannu a zani kafin ta taɓa. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka nake da allo," ta ce. "Ɗana yana Fatakwal, da na aika masa cewa na iya karatu dariya ya yi. Wannan zan aika masa."

Ta kama hannun Basma tana ta sa mata albarka, har da iyayen da suka haife ta. Hajiya na zaune a gefe tana ganin komai.

A gida, Hajiya ta tsaya daga bayan ƙofar zaure suka gaisa da Malam. Ya ciro tsofaffin baturan ya jera su a bakin tabarma, ya ba da labarin tun daga wa'azin asuba har maƙabarta, bai rage komai ba, ya nemi gafara. Sai dai ya ƙara da cewa, a yi masa adalci, shanyar nan tana yi wa rediyo aiki, shekara talatin yana yi, na'urorin zamani ne ba su da haƙuri. Aka ji dariya ta kuɓuce wa Hajiya daga bayan ƙofa. Ta ce marigayi ma haka yake yi, har gishiri yake barbaɗa musu. Ta ce ta yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, sannan ta ce a turo mata yarinyar.

Basma ta shiga ɗakin ta durƙusa nesa da gado. Hoton saukar yana jingine a kan akwatin Hajiya.

"Kin hana ni a gaban yayyena," in ji Hajiya.

"Na yi, Hajiya. Ki yafe mini."

"Kwana uku ban yi barcin kirki ba don haushinki. Na ce yarinyar nan ba ta san girma ba." Ta ja carbinta. "A na huɗu na zauna ina tilawa, sai na tambayi kaina, shekara bakwai me na je koya? Da Barira ce a tsakiyar layi ni a ƙarshe, me zan so mai hoton ta yi?"

Basma ba ta ɗago ba.

"Ga shi kuma kin ɗauki laifin mahaifinki kin aza a kanki, alhali kalma ɗaya ta ishe ki. Wadda ta rufa asirin ubanta za ta rufa na mijinta. Matso nan, 'yata."

Basma ta matsa. Tsohuwar ta ɗora mata hannu a ka.

"Da kin ba ni hoton nan a ranar, da na ji daɗi, da kuma ban ba ki ɗana ba. Ki gaya wa Malam, waliyyan Nu'uman na nan zuwa ranar Juma'a."

Hapsatu ta kwana biyu tana kumbure-kumbure. Hajiya ta kira ta ɗaki suka yi magana da ba wanda ya ji, kuma da aka tashi kai lefe tana cikin waɗanda suka ɗauki akwati. A Birnin Kudu mata suka baje kaya ana yabawa, ga atamfofi, ga leshi, ga mayafai. Da aka ɗaga turmin ƙarshe sai ga kwali a like, batura huɗu a ciki, naɗe da sabon farin hankici. Masu kawo lefen suka ce Hajiya da kanta ta sa, kuma ta ce amarya ta san ranar da ake buɗe irinsu. Shi kuwa Malam Gwadabe, Nu'uman ya ware masa nasa huɗu masu koren ɗigo, tare da roƙon kada su ƙara ganin katanga. Malam ya karɓa ya ce zai gwada, amma bai yi alkawarin sun fi nasa ba.

Aka ɗaura aure bayan kaka, cikin rufin asiri da yardar iyaye. Washegarin kai amarya gidan Hajiya ya cika, dangin Kano duk sun zo, har da dattijuwar da ta roƙi hoto ɗaya ba ta samu ba. Basma na zaune a lulluɓe sai ta ji an yaye mata mayafi. Hajiya ce, cikin farin hijabin nan nata, rungume da allon zayyana, yayyenta da jikokinta sun riga sun jeru a tsakar gida inda rana ta sauka.

"Tashi, amarya, ki cika mini alkawari. Yau babu kowa a layi sai ni."

Mata suka sa dariya, wata ta ce ba a taɓa sa amarya aiki ranar buɗar kai ba. Hajiya ta ce yau za a fara. Basma ta miƙe cikin kunya, da lalle a hannu, ta ɗauko kyamarar daga jaka. Har ta ɗaga ta, sai tsohuwar ta ɗaga yatsa.

"Tsaya tukuna. Kin duba akwatin?"

"Na duba, Inna," in ji Basma. "Sau biyu."